Jirgin Yaƙin Kailani da Kwanon Ɗakin Atika

Ku matso ku sha labarin maƙwabcina Kailani Mai Rufi, kafintan da ya ƙera jirgin yaƙin Faransa a Tudun Wadar Zariya, unguwar da babban ruwan da muka saba da shi shi ne wanda ke cika kwata da damina. Ba ji na yi ba, ƙofar gidana na kallon shagonsa, kuma har yau in na tuna sai haushi da dariya su haɗu su shaƙe ni.

Kailani ya iya rufi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ciwonsa baki ne. Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya kai shi Maraɗi ya rufe masa sito, ya yi kwana tara ya dawo, tun daga ranar babu wani abu na Faransa da ya fi ƙarfinsa. In ana hira a teburin mai shayi aka ambaci Faris, sai ya gyara zama ya ce a bar masa wannan, shi ne ya zauna da mutanen. Yana kuma da karatu guda da yake ja wa kowa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba: ruwa daga sama yake zuwa, kada ka yi gardama da shi, ka ba shi hanya ta ƙasa ya wuce. Da wannan karatu ya rufe gidaje tun daga Gyallesu har Kwangila, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Gida ɗaya ne karatun ya daɗe bai shiga ba, wato nasa. Shekara goma sha ɗaya ɗakin matarsa Atika na yoyo, duk damina tana jera robobi da bokitai a kan gado. Da ta gaji da jin gobe da jibi, sai ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, ta shekara uku hayaƙi na cin idonta, mai na fallatsar mata a hannu, har ta sayi kwanon rufi falle goma sha biyu da guminta. Bara ya buga mata shi, bayan ta kai ƙararsa wurin yayansa. Damina ɗaya tak Atika ta yi barci ba ɗigon ruwa a goshi, kuma duk matar da ta shiga gidan sai an nuna mata rufin nan kafin a ba ta ruwan sha.

Ana tsakiyar bazara sai ga Malama Zulfa a shagon. Ita ce ke koyar da Faransanci a makarantar kuɗi ta Alhaji Muntaka, can wajen hanyar Kongo. Ta zo da hoto a takarda, ta ce ƙarshen zango za su yi bikin ranar Faransanci, tana son a sassaƙa mata irin wannan jirgi, ɗan ƙarami, tsawon kamu ɗaya, a ɗora a tebur ɗalibai su gani. Sunansa firigat, in ji ta, jirgin yaƙin Faransawa ne na shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce, tun kafin a san inji. Ginshiƙai uku ne a tsaye a cikinsa, an rataya musu manyan ƙyallaye iska na turawa, ga igwa talatin da biyu jere a gefunansa. Ba shi ne babba a cikin jiragen yaƙi ba, amma ya fi su gudu, shi ake aikawa leƙen abokan gaba da rakiyar jiragen fatake. Faransawa sun gwanance ƙirarsa har Turawan Ingila in sun kama ɗaya sai su auna shi su kwaikwaya. Ta ƙara da cewa ƙasansa ana lulluɓe shi da fallayen jan ƙarfe, don kada tsutsar ruwa ta cinye katakon.

Kailani ya karɓi hoton ya riƙe a juye, ya gyara, ya ce, “Malama, kamu ɗaya? Ai wannan cin fuska ne gare ni da Faransa baki ɗaya. Na ruwa zan yi miki, wanda mutum zai shiga ya tsaya. Ni na san jirgin nan tun a Maraɗi.”

A gefen shagon akwai Ɗantsoho mai faci, wanda ya shekara talatin yana tsoma tayoyi a ruwa yana neman inda ke kumfa. Ko kai bai ɗaga ba ya tambaya a wane teku na Maraɗi aka gan shi. Kailani ya ce teku ba sai an gani ba, a bangon ofishin mai siton akwai kalanda mai hoton jirgi, kuma kwana tara yana cin tuwo a ƙarƙashinta. Malama Zulfa ta yi ta roƙo a tsaya a na tebur, amma kafin la'asar Kailani ya tsallake ta ya je wurin Alhaji Muntaka. Shi kuwa Alhaji duk abin da zai tara masa iyayen yara yana so, sai ya ba shi ragowar katakon benci, ya ce ga kududdufin bayan makaranta nan inda aka haƙi ƙasar gini, ba ya ƙafewa ko da bazara.

Sati uku unguwarmu ba ta huta da ƙarar guduma ba. Gangar jikin jirgin ta fito tsawon taku goma sha biyar, kuma duk wanda ya dube ta da kyau zai gane rufin ɗaki ne aka kifa ta baya, don hannun Kailani bai san wata ƙira ba. Gora uku dogaye suka zama ginshiƙai. Buhunan fulawa daga gidan burodi aka farke aka ɗinke suka zama ƙyallayen iska, sunan fulawar na nan ɓaro-ɓaro a jiki. Igwa kuwa tsofaffin salansar babura ya bi garejin Tudun Wada ya tsinto, ya shafa musu baƙin fenti. Talatin da ɗaya ya samu, ya cike ta ƙarshe da taɓarya. Masu acaɓa suka fara kiransa Kyaftin, shi kuma ya fara amsawa da ɗaga hannu zuwa goshi.

Saura jan ƙarfe. Ya je kasuwa ya ji farashinsa ya dawo bai gaya wa kowa abin da ya ji ba, sai dai ya sanar a teburin mai shayi cewa bincike ya nuna masa kwanon rufi ya fi jan ƙarfe, Faransawa rashin sani ne ya hana su amfani da shi. Ranar Laraba Atika ta tafi suna Gyallesu. Da ta dawo da yamma ta shiga ɗaki ta aje mayafi, sai ta ga inuwar shirwa ta gilma a kan gadonta. Ta ɗaga kai, ga sararin Allah.

Ina tsaye a ƙofar gidana ta fito. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana kallon fallayenta goma sha biyu an lanƙwasa su a cikin wani abu mai kama da kwamin shanu, ta tambaye shi wa ya ba shi. Ya ce aro ya yi, ba da sunansa ba, da sunan ilimi. Ranar Asabar jirgi zai yi zagaye ɗaya, ranar Lahadi kwano ya koma inda yake, kuma zai koma da daraja, don ba kowace mace ce a Zariya ke kwana a ƙarƙashin tarihi ba.

Ta ce, “Malam, hadari ya fara haɗuwa ta gabas tun shekaranjiya.”

Ya ce, “Ni da ruwa mun san juna, Atika. Ba zai zo ba sai na gama.”

Ta dube shi, ta dubi tabon mai a bayan hannunta, ta koma ciki. Gaskiya ranar na ji tausayinta, na kuma ji kamar in ɗauki taɓaryar nan ta talatin da biyu in yi masa aiki da ita.

Ranar Alhamis aka yi abin da ya kashe jirgin. Kailani ya sa mai garuwa ya watsa ruwa a wanke ƙurar zarto, aka watsa, sai ruwan ya taru a cikin jirgin ya kwanta, bai tafi ko'ina ba. Ɗantsoho ya leƙa ya ce, to madalla, ashe abin zai yi, tunda abin da ya hana ruwa fita shi zai hana shi shiga. Amma Kailani fuskarsa ta canza. A duniyar mai rufi babu abin kunya kamar a ce ruwa ya kwanta a aikinka. Ya ce shekara ashirin da biyar bai taɓa miƙa aikin da ruwa ke kwana a ciki ba, ba kuma zai fara a kan Faransa ba. Ya ɗauko ƙusa mai inci shida da guduma, ya shiga ciki ya durƙusa.

Ɗantsoho ya aje tayar da ke hannunsa ya ce, “Kailani, ni abincina huji ne, na san halinsa. Huji ba shi da alƙibla. Ta inda ya fitar, ta nan yake shigarwa.”

Kailani ya ce, “Kai iska ka sani, ni ruwa na sani. Ka taɓa ganin ruwan da ya hau sama da ƙafarsa? Daga sama yake zuwa, a ba shi hanya ta ƙasa ya wuce.”

Ya huda katako da kwano tare, huji talatin da biyu, kowace igwa da nata, a jere tsaf da ma'auni, don aikinsa ba ya karkata. Ruwan wanki ya tsiyaye ƙasa tas. Ya fito yana karkaɗe gwiwa, ya tambayi jama'a ko akwai mai sauran magana. 'Yan kallo suka tafa, har da waɗanda suka gane, don a unguwarmu ba a hana mutum abin da zai ba mu labarin shekara. Ɗantsoho ya ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ya koma kan tayarsa.

Asabar da hantsi aka ɗora jirgi a kan kura biyu da aka haɗa da igiya, majiya ƙarfi takwas na turawa. Kyaftin na gaba cikin tsohuwar rigar maigadi mai maɓallan ƙarfe da wata hula mai kusurwa uku da ya yanka daga kwali. Ba a yi taku hamsin ba babban ginshiƙi ya sarƙe da wayar wuta, aka tsaya aka rage masa tsawo da zarto. A kwanar gaba na biyu ya kwashe rumfar mai tsire, aka rage shi shi ma, mai tsire na biye yana faɗin abin da ba zan maimaita ba. Wata iska ta taso ta cika buhunan fulawa, kura ta ƙwace daga hannun masu turawa ta gangara da gudu, Kyaftin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Da ya fito ya ce kowa ya shaida, gudun da Malama ta faɗa ke nan, tun ma ba a kai ruwa ba.

A bakin kududdufi an kafa rumfa, iyaye sun cika kujeru, ɗalibai na riƙe da 'yan tutoci. Atika ma ta zo, ta tsaya can baya ƙarƙashin dalbejiya, ba jirgi take kallo ba, gabas take kallo. Kailani ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda Ingila ta sha kashi a hannun irin wannan jirgi, ya kawo yaƙe-yaƙen da Malama Zulfa ta ce ita dai ba ta taɓa cin karo da su a littafi ba. Sannan ya gayyaci Alhaji Muntaka ya shigo a matsayin babban baƙo. Alhaji ya leƙa ciki, ya hango ƙasa ta cikin hujin, ya ce babbar rigarsa sabon guga ce, zai fi jin daɗin kallo daga tudu.

Aka tura. Kuma don Allah a faɗi gaskiya, jirgin ya tafi. Iska ta kama buhunan, ya miƙe zuwa tsakiyar kududdufi yana rangaji, ɗalibai na kaɗa tuta, Kyaftin ya dafa ƙugu da hannu ɗaya. Ya sunkuya ya kunna abin fashewar da yara ke wasa da shi da salla, wanda ya cusa a bakin salansa uku don a ji amon igwa. Biyu suka yi tusa suka mutu. Ta ukun ta tashi da gaske, ta tofa wuta a buhun tsakiya, ya kama.

Bai samu damar kula da wutar ba, don a lokacin ne ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ruwa ne ke tsartuwa daga ƙasa, wuri talatin da biyu, a jere tsaf kamar yadda ya auna. Mu daga baki muna ganinsa ya tsaya ya ɗaga kai yana duban sama, yana neman inda ruwan ke zubowa, sama kuwa ko ɗigo babu. Ya taka huji biyu da ƙafafu, ya toshe ɗaya da hular kwali, ya tura goro a wani, ya zauna a kan uku. Saura ashirin da biyar suka ci gaba da aikinsu.

Ɗantsoho ya haɗa hannu a baki ya tambaye shi daga ina ruwan yake zuwa yau. Kyaftin ya amsa cewa ba shigowa yake ba, hanyar fita ce ta yi masa kaɗan. Sai muka ga ya zaro ƙusa da guduma daga aljihun rigar maigadi. Malama Zulfa ta ɗora hannu a ka. Mutumin nan ya durƙusa cikin ruwa har gwiwa, wuta na ci a saman kansa, ya shiga ƙara huji don ruwan ya samu hanyar wucewa. Mun ƙirga bugu tara kafin gudumar ta nutse.

Jirgin bai kife ba, a hankali ya zauna, da mutuncinsa, har ya taɓa laka. Ruwa ya kashe wutar, wanda daga baya Kailani ya ce da ma tsarin ke nan. Abin da ya rage a sama guntayen gora uku ne da kan Kyaftin, ruwa iya wuya, kainuwa ta yi masa rawani. Taɓarya kaɗai ta taso ta yi iyo ta iso gaɓa lafiya. Wani uba ya faɗo daga kujera don dariya. Alhaji Muntaka ya karɓi lasifika ya ce wannan shi ne darasin yadda jirgi ke nutsewa, kuma makaranta ta shirya shi ne da gangan. Malama Zulfa ta ce a hankali, Turawan Ingila sai sun yi wuni suna harbi kafin su nutsar da firigat ɗaya, ga shi Malam Kailani ya gama da nasa shi kaɗai kafin azahar.

Da igiyar kura aka jawo shi. Yana fitowa yana tsiyaya ya fara bayanin cewa ruwan kududdufi ba irin na teku ba ne, na teku gishiri ne da shi, ya san ƙa'ida. Bai ƙarasa ba ya hangi Atika ta iso gabansa. Cewa kawai ta yi gobe Lahadi, ta juya.

Ya cika alkawari, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Da sassafe ya tara majiya ƙarfin nan suka ciro fallayen daga laka, ya miƙar da su da wata guduma, ya wanke, kafin azahar ya buga su a kan ɗakin Atika, layi ya fita sambal. Daga waje ba ka ganin komai. Daga ciki kuwa rana ta shigo ta huji arba'in da ɗaya, ɗakin ya koma kamar madambaci. Ya ce wannan sabon salo ne na shan iska, a Faris ma haka ake yi, kuma zai liƙe su da kwalta cikin satin nan.

Ruwan bai jira satin ba. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe ledojin unguwa, aka tsuge da ruwan farko na shekara. Na ruga gidan don in taya su kwashe kaya, sai na tarar an riga ni. Tun yana kan rufi Atika ta kwashe gadonta da akwatunanta da kaskon awara ta mai da su ɗakinsa, wanda rufinsa lafiya lau, ta fito masa da tabarmarsa da filo ta shimfiɗa a nata. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin, ruwa na zubo masa ta wuri arba'in da ɗaya, a jere. Daɓen simintin kuwa shi ya yi shi da hannunsa, ga dokin ƙofa mai tudu, babu ta inda ɗigo zai fita. Ruwa ya kai idon sawu, silifas ɗinsa suka taso suna yawo a ɗaki, kuma a iya sanina, in ban da taɓaryar nan, su ne abu na farko nasa da ya taɓa tafiya a kan ruwa bai nutse ba.

Atika na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, a bushe, tana tsince shinkafa. Ya leƙo yana rawar sanyi, ya kira sunanta da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba, ya tambaya ko akwai sauran robobin nan na da.

Ta ce ta rabar da su bara, ranar da ta zaci ta gama da yoyo. Ta watsar da tsakuwar da ta tsinta, ta ce, “Amma yau ka yi gaskiya, Malam. Daga sama yake zuwa. Kada ka yi gardama da shi.” Ta tashi ta shige, ta saki labule.

Washegari da hantsi na gan shi tsugune a gaban Ɗantsoho, ba hula, ba jawabi, yana tambaya a hankali yadda ake toshe huji.